Neman Shawara: Kyamarori da fitilun zamani na gidana suna yawan sauka daga Wi-Fi

Baban Ummi, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani a zauren nan, don abin ya fara ci mini tuwo a ƙwarya.

Gidana bene ne mai hawa ɗaya, ginin bulo da dekin. Rautata, wato na'urar da ke ba gidan Wi-Fi, irin mai cin layin waya ce ta 4G, tana falon ƙasa a cikin kabad ɗin talabijin, a kan dikoda. Na haɗa mata kyamarori uku, ɗaya a bakin get, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a falo. Akwai ƙwayayen fitila huɗu masu Wi-Fi, da soket biyu da ake kunnawa daga waya, ɗaya ma injin burtsatse na jona masa. Sai talabijin da wayoyin mutanen gida da kwamfutar yara.

Wayoyi suna aiki lafiya lau, ana kallon bidiyo ba ya ko tsayawa. Amma in na buɗe manhajar kyamara ina kasuwa, sai ta ce ta bakin get ba ta kan layi. Fitilun ma haka, yau biyu su amsa, gobe ɗaya. Abin ya fi ƙamari in an ɗauke wuta an tada janareta, ko an dawo da ita an kashe shi. Sai maigadi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zarewa yana mayarwa kafin su dawo. Na kuma sayo sabon soket, ya ƙi haɗuwa sam, manhajar ta yi ta juyi har ta gaji.

Yaron da ya saka mini kayan ya ce rautar ce ba ta da ƙarfi, in sayi mesh mai guda uku, wato na'urorin da ake rarrabawa a gida su haɗu su yaɗa Wi-Fi ko'ina. Kuɗin ba na wasa ba ne. Kafin in zuba su ina son jin ta bakinku.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Alhaji sabis ne kawai. Ku canza layi zuwa na wani kamfanin, ni haka na yi na huta.

Injiniya, Zariya:
Abu Sadik, da sabis ne da wayoyin ma sun ji a jikinsu. Tunda bidiyo yana tafiya, intanet yana shigowa gidan. Matsalar tana tsakanin rautar da ƙananan kayan nan.

Baban Ummi, kada ka sayi komai mai tsada tukuna. Bari in fara da maganar wuta, don a bayaninka ita ce ta fi fitowa fili. Duk lokacin da aka canza daga wutar layi zuwa janareta, komai na gidan yana mutuwa ya sake tashi. Ƙwan fitila da soket cikin 'yan daƙiƙu sun farka sun fara neman Wi-Fi. Ita kuwa rauta sai ta ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ta gama shiri, mai layin waya ma sai ta ƙara da neman sabis. Kamar ɗalibai ne da suka riga malam zuwa aji: wasu za su zauna jira, wasu in sun leƙa ba su gan shi ba sun koma gida ke nan. Kayan da aka yi wa manhaja mai kyau za su ci gaba da nema har su samu. Masu arha da yawa in sun nema sun rasa sai su yi shiru, har sai an zare an mayar. Aikin da maigadinka yake yi ke nan, yana tada su a lokacin da rautar ta riga ta shirya.

Maganin shi ne rautar ta daina mutuwa. In kana da inbata, ka mayar da soket ɗinta kan layin inbata. In babu, akwai ƙaramin UPS na rauta, ɗan akwati mai batir a ciki, ana samu a wajen masu kayan kwamfuta da na sola. Ka juya cajar rautar ka karanta abin da aka rubuta, yawanci 12V ne da 1A ko 1.5A ko 2A, ka sayi wanda ya yi daidai da bolt ɗin kuma amp ɗinsa bai gaza ba. Ka tafi da cajar kasuwa a gwada bakin, don ba duka suke ɗaya ba.

Sai ka fito da ita daga kabad ɗin nan. Dikoda tana fitar da zafi, kabad a rufe, ga zafin Kano da yake haura 40 a watan Afrilu. Rauta in ta yi zafi takan rage ƙarfi ko ta kashe kanta ta sake tashi ba tare da kowa ya lura ba. Ka taɓa bayanta da rana ka ji. A rataye ta a sama, a fili, kusa da matattakala in zai yiwu don sama da ƙasa su samu.

Baban Ummi:
Injiniya na gode ƙwarai. Yanzu na sa yaro ya taɓa, ya ce da zafi sosai. To shi sabon soket ɗin da ya ƙi haɗuwa fa? Lokacin da nake gwadawa akwai wuta, rautar ma tana aiki.

Injiniya:
Wannan kuma wata matsalar ce daban. In ka duba wayarka, sunan Wi-Fi ɗaya kake gani na gidanka ko biyu?

Baban Ummi:
Ɗaya ne.

Injiniya:
To da alama an haɗe maka zango biyu a suna ɗaya. Rautocin yanzu suna watsawa a zangon 2.4 GHz da na 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango. Na 2.4 ya fi nisa, kuma shi kaɗai yawancin fitilu da soket da ƙananan kyamarori suka sani. Duba kwalin soket ɗin za ka ga an rubuta. In an haɗe su, rauta ce take zaɓa wa kowa inda zai zauna, sai ta tura wayarka kan 5, kai kuma kana ƙoƙarin haɗa abin da bai san 5 ba.

Ka shiga saitin rautar, ta hanyar rubuta adireshinta a burauzar wayarka. Adireshin yana jikin takardar da ke manne a ƙasanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ka kashe haɗin zangon, ka raba su. Abin lura a nan: tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri ka bar wa 2.4, sabon suna ka ba 5. In ka yi akasin haka, duk kayan da ka riga ka haɗa sai ka sake su daga farko, har kyamarar da sai an hau tsani. Wayoyi da talabijin ka kai su kan 5.

Kana ciki ka duba tsaro. In yana kan WPA3, wato sabon tsarin kulle Wi-Fi, ka mayar da na 2.4 zuwa WPA2, wanda ya riga shi. WPA3 ya fito ne a 2018, kuma har yau akwai ƙananan kaya da yawa da ba sa shiri da shi, wasu ko an gauraya biyun ma ƙi suke yi. Faɗin tasha ka sa 20 MHz, tashar kuma ka zaɓi 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Lokacin haɗa soket ɗin wayarka ta kasance kan 2.4, ka kunna Bluetooth, ka ba manhajar izinin sanin wuri, ka kashe VPN in kana da shi.

Mai Sola:
Ni fa ban ga laifin yaron da ya ce a sayi mesh ba. Na saka wa mutane a gidaje manya kuma yana aiki. Gidan bene da dekin, rauta ɗaya ba za ta taɓa wadatar da shi ba, ko a ina aka rataye ta. Gara a yi kashe kuɗin sau ɗaya.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne injin burtsatse. Alhaji don Allah ku cire shi daga soket ɗin nan yau. Rubutun 10A ko 16A da ke jikinsa bai shafi yadda injin ruwa yake tashi ba. Inji irin wannan a daƙiƙar farko yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita. A hankali ɗan makunnin da ke cikin soket ɗin yake ƙonewa, wata rana ya manne a kunne, ka danna kashewa daga waya manhaja ta ce ya mutu alhali injin yana ta aiki. Na taɓa cire wani da robarsa ta narke ta yi baƙi ta gefen ƙafa ɗaya. A sa kontakta a tsakani, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, soket ɗin ya riƙa kunna kontakta, ita ta ɗauki nauyin injin. A kuma sa abin nan mai yawo a cikin tanki da yake kashe injin in ruwa ya cika. Sannan a cikin manhajar akwai wurin zaɓar yadda soket zai kasance in wuta ta dawo. Na injin ruwa a sa shi a kashe.

Injiniya:
Maganar injin ruwa gaskiya ce, a bi ta. Mesh kuwa ban ce ba shi da amfani ba. Amma in aka jona shi a wutar da take yankewa, guda ukun za su mutu tare su tashi tare, su ma sai sun nemi juna kafin su shirya, jiran ya ƙaru. Kuma in babu kebul a tsakaninsu, ta cikin dekin ɗin nan mai rodi za su riƙa magana. A fara da na arha a ga abin da ya rage.

Maman Yusra, Kaduna:
Sallama gare ku. Malam Baban Ummi, kafin a yi nisa, ka tambayi mutanen gida ko suna kashe fitilun daga makunnin bango. A gidanmu abin da ya wahalar da mu ke nan. Ƙwan Wi-Fi in an kashe shi daga bango ba shi da wuta, ba yadda za a yi ya amsa waya. Yara da mai aiki kuwa hannunsu ya saba, suna fita daga ɗaki za su danna. Mu dai selotef muka manna a kan makunnan.

Sai kuma kyamarar falo. Wuri ne da mata suke zama ba mayafi. Ka tabbata ba asusun wanda ya saka kayan ake amfani da shi ba, don da yawa da imel ɗinsu ko lambarsu suke buɗewa su ba ka kalmar sirri kawai, su ma suna iya gani. Ka buɗe naka, ka canza kalmar da ta zo da kyamarar, ka kunna tantancewa mai mataki biyu in manhajar tana da shi. Ni da zan ba da shawara ma, a juya ta ta kalli ƙofar shigowa kawai.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari a kan haka, ku lura da data. Kyamara ɗaya in tana tura hoto waje ba tsayawa a kan 1 Mbps, a kwana ɗaya ta ci kusan 10.8 GB. Kuma layin waya ya fi rauni wajen turawa fiye da saukewa, shi ya sa za ka ga bidiyo yana tafiya a gida amma kallon kyamara daga kasuwa yana sarƙewa. A sa mata katin memori ta riƙa ajiya a jikinta, a saita ta ta turo saƙo in ta ga motsi kawai. Ku kuma duba jerin waɗanda ke kan rautar. Irin waɗannan da yawa iyakarsu 32, MiFi ta aljihu ma 10 ko 16. In kalmar sirri ta fita layi, samarin unguwa za su cika muku gurbin.

Yaya Babba, Ingila:
In nan gaba za ka ƙara fitilu, ka duba masu Zigbee. Ba sa hawa rauta kai tsaye, suna da ɗan akwatinsu guda, kuma masu jone da wuta suna miƙa wa juna saƙo, sai nauyi ya ragu a kan Wi-Fi. Akwai kuma tsarin Matter da ya fito a 2022 don kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare. Amma don fitila huɗu ba sai ka sake sayen komai ba.

Baban Ummi:
'Yan uwa Allah ya saka da alheri, ga yadda aka yi. Na sayo ƙaramin UPS, an rataye rautar a bangon matattakala, an raba zangon kamar yadda Injiniya ya ce. Sabon soket ɗin ya haɗu nan take. Tun lokacin an sha canza wuta, maigadi bai sake zare komai ba. Fitila biyu kuwa Hajiya Maman Yusra kin canka, autana ne yake bi yana kashewa. Mai gyaran wuta ya sa kontakta, kyamarar falo kuma na mayar da ita kan asusuna. A jerin rautar na ga wayoyi biyu da ba na gidan ba.

Saura ta bakin get. Har yanzu tana zuwa tana tafiya, musamman in an rufe get. A manhajar na ga an rubuta ƙarfin sigina -82. In sa na'urar ƙara nisa ne?

Mai Sola:
Ka ga inda mesh zai yi rana.

Injiniya:
-82 ya yi rauni, kyamara tana son wajen -67 ko abin da ya fi haka kusa da sifili. Bangon gida, katanga, ga get na ƙarfe, dole ta wahala. Na'urar ƙara nisa abin da ta samu shi take maimaitawa, kuma irin masu arhar nan suna raba gudun biyu. Ka duba bayan kyamarar ko tana da ramin kebul na intanet. In akwai, a ja mata kebul na Cat6 daga rautar, yana kaiwa mita 100 ba matsala, ka kashe Wi-Fi ɗinta gaba ɗaya. In babu ramin, a ja kebul ɗin zuwa ɗakin maigadi a sa ƙaramar rauta ta biyu a matsayin reshe, a kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, a ba ta suna da kalmar sirri irin na 2.4 ɗinka amma a wata tashar. Kebul ɗin a saka shi cikin bututu saboda rana da ɓeraye, kuma kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta. Wayoyi biyun nan kuma ka toshe su daga jerin tukuna, canza kalmar sirri ka bari sai ranar da mai tsani zai zo jan kebul, a sake haɗa komai a yini ɗaya.