Shawarwarin soyayya daga halin Mario

Hirarmu kan Mario, jarumin wasannin bidiyo, da Gimbiya Peach da yake zuwa ceto, ta fi karkata ga juriya. A wasan Super Mario Bros. na 1985, sau bakwai yana ƙetare wuta ya isa fada, a ce masa gimbiya tana wata fadar, bai taɓa juyawa ba. Aka ce mai so ya koyi wannan naci.

Ni kuwa maganar da ta fi ratsa ni daga wasan Super Mario Odyssey na 2017 ta fito. A duniyar wata, Mario da Bowser, abokin gabarsa mai sace gimbiya, suka yi ta cusa wa Peach furanni, ta ƙi su duka, ta nufi jirgi. Wahalar da ka sha ba ta sayen amincewar mace, don haka ka tambaye ta, ka karɓi amsarta. Wasu kuma suka yaba ƙarancin surutun Mario.