Jinyar 'yan Japan da maƙwabtansu: shawarwarin da aka bayar

Abin da ya fi ɗaukar lokaci a wata zantawa da ma'aikatan jinya suka yi shi ne kalmar "hai". Idan ɗan Japan ya faɗe ta yana gyaɗa kai, sau da yawa "na ji" yake nufi, ba "na amince" ba. Kunya da girmama likita kan hana shi musu, ciwo ma yakan daure ya ɓoye. Sai a roƙe shi ya maimaita bayanin maganin da bakinsa. Ni wannan shawarar ta fi gamsar da ni.

A kauce wa ɗaki mai lamba 4, furucinta ɗaya da kalmar mutuwa a Japananci. Mai jego 'yar Sin takan ƙi ruwan sanyi wata guda, a ba ta mai ɗumi. Jan shati a bayan ɗan Biyetnam kuwa yana iya zama gugar fata da kwabo, wani maganin gargajiya. A tambaya kafin a yi zargin an doke shi.