Miyar kuka tana yi min gudaji

Amarya: Assalamu alaikum. Hunturu ya kama, maigida yana son tuwon dawa da miyar kuka da dare, amma tawa kullum sai ta yi gudaji, can kuma ta tsinke. Don Allah ku taimaka.

Uwargida: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gudaji na zuwa ne idan aka juye kuka lokaci ɗaya cikin ruwan da ke tafasa sosai. Ki fara tankaɗe ta. Ki rage wuta, hannu ɗaya na barbaɗawa, ɗayan na kaɗawa da maburgi. Romon nama kofi 4, kuka babban cokali 3 zuwa 4. Amma tun kafin nan ki daka daddawa da barkono da citta da albasa, su dahu cikin romon kamar minti 20, in ba haka ba warin ɗanyar daddawa zai fito.

Inna: Tsinkewar kuwa, kada ki rufe tukunya bayan kin kaɗa, gumin murfi ke komawa ciki. Minti 5 ya isa, ki sauke. Ki kuma duba kukar taki, wadda ta daɗe ta koɗe ba ta kauri. Ki sayi koriya shar.

Yaya Babba: Man shanu sai a kwano, kan miyar da zafinta. A ajiye yaji a gefe.