Me za mu kira "worldbuilding" da Hausa?

Jama'a, musamman marubuta da masu fassara, ina neman shawararku kan abin da Turawa ke kira "worldbuilding". Aiki ne da marubuci ke yi tun kafin labari ya kankama: ya tsara ƙasar da babu ita, da duwatsunta da gaɓar tekunta, da harshen mutanenta, da yadda suke aure da yadda suke yi wa mamaci sutura.

An fi ganin gwanintar abin a labarin tsibirin da ya keɓe a tsakiyar teku. A 1516 Thomas More ya fitar da littafinsa Utopia da harshen Latin, kuma bai tsaya ga cewa akwai wani tsibiri ba. Ya ce siffarsa kamar jinjirin wata take, biranensa 54, babban birninsa Amaurot. Mutanensa awa shida suke aiki a yini, zinariya kuwa da ita suke ƙera sarƙar bayi da tukunyar fitsari, don kada kowa ya ɗauke ta da daraja. Har tarihi ya ba su: da can a haɗe suke da sauran ƙasa, sai sarki Utopus ya sa aka haƙa mashigin ruwa ya raba su.

Abin da ke burge ni a wannan aiki shi ne yadda abu ɗaya ke jawo wani. In ka ce tsibirinka babu tama, to ka hana mutanenka maƙera, dole allurarsu ta zama ta ƙayar kifi, wuƙarsu ta dutse. In gonar ƙanƙanuwa ce, sai ka yanke ko za su ba da ita ga kabari ko teku za su miƙa wa gawa. In iska sau ɗaya take kawo jirgi a shekara, baƙo ya zama abin biki ko abin tsoro. Wannan ɗawainiya ta cancanci suna nata.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ginin duniya". Ban goyi baya ba, domin in aka ce mutum yana gina duniya, hankali zai tafi ga wanda ya shagala ya manta lahira. "Halittar duniya" kuwa ba ma sai an tattauna ba, halitta ta Allah ce. Wata malama ta ce "almara" ta wadatar. Malama, a gafarce ni, almara labarin ne kansa, mu kuwa shimfiɗar da labarin ke zaune a kai muke nema wa suna.

Ni "ƙaga ƙasa" na zaɓa. Mun saba da "ƙagaggen labari", don haka kunne ba zai ƙi ba. Kalmar ƙasa kuma ta ɗauko turɓaya da mulki da mutanen da ke kai gaba ɗaya. A gwada: "Ta iya ƙaga ƙasa." "Ƙagaggiyar ƙasarsa tsibiri ce mai birane 54." Sai dai a kiyayi cewa "ƙagen ƙasa", don ƙage sharri ne da ake laƙa wa mutum.

Inda nake son jin ra'ayinku shi ne marubucin da ya tsara nahiyoyi da taurari, ba tsibiri ɗaya ba. Shi ma "ƙaga ƙasa" za mu ce, ko mu ware masa "ƙaga duniya"?