Na sa filash a shagon buga takardu, fayilolina sun ɓace

Ɗaliba a Zariya: Assalamu alaikum. Jiya na kai filash ɗina wani shago a Samaru a buga mini babi na uku na furojet. Da na dawo na sa shi a kwamfutata, kowace folda ta koma shotkot mai 'yar kibiya a gefe. Aikin wata huɗu ne, wallahi ban runtsa ba. Shi kenan ya tafi?

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, galibi suna nan. Bairos ɗin ɓoye su yake yi, ya ajiye shotkot mai sunansu. Kina dannawa, sai ya kwafi kansa cikin kwamfutar, yana tashi duk lokacin da kika kunna ta, duk filash ɗin da aka soka kuma ya kama. Kwamfutar shagon haka ta ɗauka, filash nawa ke shiga cikinta a yini? Kada ki ƙara danna komai. Ki fara wanke kwamfutar da Windows Defender, manhajar kashe bairos da ke cikin Windows, sannan ki buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni, ki shiga harafin da kwamfutar ta ba filash ɗin, ki rubuta attrib -h -r -s /s /d.

Malamin makaranta: Ta filash wani bairos mai suna Stuxnet ya shiga tashar nukiliyar Natanz a Iran, aka gano shi a 2010. Ni yanzu ta imel nake tura wa masu shagon buga takardu PDF.

Ɗaliba a Zariya: Alhamdulillahi, sun fito! Sai dai na riga na danna biyu jiya, kuma ƙanwata ta ari filash ɗin da safe.