Musayar waƙa: mata kurame da kujerar shugabanci

Maman Hanifa, Kano: Slm 'yan uwa, 23 ga Satumba ta kusa wato ranar yaren kurame ta duniya, shi ne nace wannan makon musayar tamu ta zama a kan mata kurame masu jagoranci, ni dai kun san sanƙarau ne ya tafi da jina tun ina ƙarama. Amsa-amo "ya" ne.

Sanƙarau ya ɗauke min ji,
bai ɗauke mini zuciya.
Hannuna shi ne harshena,
da shi nake yin tambaya:
wa zai tsaya gaban hukuma
ya faɗi namu da gaskiya?

Abban Sadiq: Allah sarki baiwar Allah.

Ku kwantar da hankalinku,
mu masu ji mun san hanya.
Mu za mu kai kukanku sama,
ga manyan ƙasar Najeriya.
Abin tausayi ce kurma mace,
Allah ya ba ku lafiya.

Maman Hanifa: Amin Malam, na san da zuciya ɗaya ka faɗa, amma wlh kai mana kukan da ake yi ne ya sa har yau muke inda muke.

Ba tausayi muka zo nema ba,
kujera muke so, ka jiya?
Wilma kurma ce kamar ni,
ta shiga majalisa ba kunya.
Da hannu ta yi muhawara,
tafinta ya zame mata murya.

Wilma Newhoudt-Druchen nake nufi, ta Afirka ta Kudu, 1999 ta shiga majalisar ƙasarsu, kuma a 2023 yaren kurame ya zama harshen hukuma na 12 a can.

Anti Tafinta, Zariya: Maman Hanifa kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni fassara ce sana'ata, abin da nake gani a ɗakin haihuwa ya ishe ni, mace na naƙuda ana mata tsawa ta yi nishi ita ko ba ta ji, a ƙarshe a ce taurin kai gare ta, wani lokacin ma ɗanta ƙarami ake kira ya fassara ciwon da ko mijinta tana nauyin faɗa wa.

Tana naƙuda ana ta tsawa,
ba mai yi mata ko inkiya.
Sirrin cikinta a bakin ɗanta,
ina mutunci, ina kariya?
An ba ta magani ba bayani,
ta sha biyu maimakon ɗaya.
Doka tana nan cikin takarda,
Buhari ya sa hannu, an ajiya.

Tun Janairun 2019 aka sa wa dokar masu buƙata ta musamman hannu, ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da su, to ina tafintocin?

Malam Habu, Maraɗi: 'Ya'yana bari tsoho ya sa baki. A 1880 malamai suka taru a Milan ta Italiya suka ce a daina koyar da kurame da hannu, kuma kusan duk masu ji ne suka yanke. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kuma kurma, shi ya buɗe makaranta a Ghana 1957, sannan Ibadan 1960, matarsa Berta ita ma kurma ce tare suka yi aikin.

An tuna Foster an manta Berta,
haka ake wa mata a duniya.
Liisa Kauppinen 'yar Finland
ta ja ƙungiyar kurame gaba ɗaya.
Gallaudet mai dogon tarihi,
Cordano ta hau, ta kuma iya.

Liisa daga 1995 zuwa 2003 ta riƙe ƙungiyar ta duniya, Roberta Cordano kuma 2016 ta zama shugabar Gallaudet, jami'ar kurame ta Washington.

Maman Hanifa: Allah ya ƙara girma Baba. Saura na gida, don mu ma a ƙungiyoyinmu ciyaman namiji sakatare namiji ma'aji namiji, mu sai a ce ga "shugabar mata" ki je ki shirya abincin taro. Kuma duk wadda za ta ja mu sai ta iya maganar hannu irin ta gida, ba ta makaranta kaɗai ba, don mata da yawa a ƙauye ba su taɓa taka makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano ba.

Ba na son sarautar girki,
ta ciyaman nake tambaya.
In an buga gangar zaɓe,
Maman Hanifa za ta tsaya.

Abban Sadiq: Na janye baitina na farko Hajiya. Anti Tafinta a ina mutum zai fara koyon maganar hannun?

Anti Tafinta: Wajen masu ita Malam, ka samu inda kuramen unguwarku suke zaman hira da yamma ka zauna cikinsu, amma baitinka muke jira tukuna, kar ka gudu.