Mamanmu ta karye a wuyan hannu, likita yace ƙashinta ya yi rauni, me za mu riƙa bata?

Maman Afnan: Salam 'yan uwa dan Allah shawara nake nema. Mamanmu shekararta 59, santsi ne ya ɗan kwasheta a banɗaki ta dafa ƙasa da hannu shikenan wuyan hannun ya karye, faɗuwar ma ba wata babba ba wallahi. Likita yace da alama ƙashinta ya fara zaizayewa. Yayanmu har ya siyo mata ƙwayar kalsiyam yace ta riƙa shan biyu a haɗe, ni kuma hankalina bai kwanta ba, ga shi madara na kumbura mata ciki. Wane abinci ne zai taimaka?

Anti Nas: Wa alaikumussalam, sannu ƙanwata Allah ya bawa Mama lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Kinga karaya daga ƙaramar faɗuwa irin wannan ita kanta alama ce, don ciwon zaizayewar ƙashin nan shiru yake ci, baya zafi sai an karye. Mace in ta daina al'ada sinadarin estrojin yana sauka, shi ne dama ke tare ƙashi daga zaizayewa, shi yasa shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada abin ke gudu. Ku tambayi likitan hoton DEXA, yana auna ƙarfin ƙashin ƙugu da na baya, in sakamako ya kai -2.5 ko ƙasa to ciwon ya tabbata kuma a nan abinci kaɗai bazai wadatar ba, akwai magani na musamman da ake ɗorawa. Mace sama da 50 tana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1200 a rana, kofin madara ɗaya kusan 300 ne.

Ummu Sadik: Ku riƙa dafa mata romon ƙashi kullum, da alayyahon turawa, ance yana da kalsiyam sosai.

Anti Nas: Ummu Sadik romon zai yi daɗi amma kalsiyam ɗin da ke fita cikin ruwan kaɗan ne ko an kwana ana tafasawa. Ganyen ma akwai kalsiyam a ciki gaskiya, sai dai yana da wani sinadari oksalet da ke riƙe shi, jiki baya samun na kirki. Gara kabeji da burokoli. Wanda mutane ke rainawa shine sardin na gwangwani, ƙayar nan mai laushi da ake zarewa a yar to ita ce kalsiyam ɗin, a murƙushe ta da cokali a cinye gaba ɗaya. Sai wake, riɗi, da madarar waken suya wadda aka ƙara wa kalsiyam, a duba jikin kwalin kuma a girgiza kafin a zuba don yana kwantawa a ƙasa.

Hajiya Babba: 'Yata ki gwada mata yogot, nima madara bata zama min a ciki amma shi lafiya lau nake sha. Ko madarar ce a bata rabin kofi tare da abinci ba da cikin yunwa ba. Kuma kar ku ce don ta karye ku hanata motsi, zaman wuri ɗaya shi ke ƙara cinye ƙashi, ta riƙa tattaki kullum. Banɗakin nan a sa abin taka ƙafa mara santsi da fitila mai haske, karayar ƙugu ita ce abin tsoro.

Abban Zara: Ni batun ƙwayar zan yi magana. Ki cewa yayanku jiki baya iya ɗaukar fiye da wajen miligiram 500 na kalsiyam a lokaci guda, in za a sha a raba safe da dare, in irin ƙwayar da aka rubuta kalsiyam kabonet a kwalinta ce a sha da abinci. Wuce ƙa'ida na kawo taurin bayan gida har da tsakuwar ƙoda ga wasu. In tana shan maganin ƙarin jini ko na tayiroid kar a haɗa su lokaci ɗaya, yana hana su shiga jiki. Kuma duk wannan in babu bitamin D hanji baya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata, ana samu a hasken rana, kifi mai mai da gwaiduwar ƙwai, mai shekarunta na buƙatar 600 IU (ma'aunin bitamin ɗin kenan) a rana. A rage gishiri shima, yana fitar da kalsiyam ta fitsari.

Maman Afnan: Nagode sosai Allah ya saka. Anti akwai wata ƙwaya prednisolone da ta daɗe tana sha saboda ciwon gaɓɓai, ko da matsala?

Anti Nas: Kai, wannan ai shi ya kamata ki fara faɗa! Doguwar shan sa na cinye ƙashi sosai. Amma kar ta daina lokaci ɗaya akwai haɗari, a hankali ake ragewa. Ki ɗauki kwalin da na kalsiyam ɗin duka ki nunawa likita ranar da za ku koma.